Yadda Ake Tantance Tsohuwar Jakar Fatar Kada, Jimina ko Mesa Kafin a Saya, da Yadda Ake Adana Ta

A wajen masu harkar jakunkunan hannu na manyan kamfanoni, jaka takan shiga sahun tsofaffi ne idan ta kai shekara 20 da ɗinkawa, kuma mafi tsada a cikinsu su ne waɗanda aka yi da fatar kada, aligeto (wani ɗan uwan kada), jimina, mesa ko guza. A shekarar 2017, gidan gwanjon Christie's ya sayar da wata jakar Birkin ta kamfanin Hermès, wadda aka yi da fatar kadan kogin Nilu, a kan kusan dala 380,000 a Hong Kong. A ƙarshen 2018 kuma kamfanin Chanel ya sanar da cewa ya daina amfani da irin waɗannan fatu, saboda haka duk mai son jakar Chanel ta kada ko ta mesa, sai dai ya nemi wadda wani ya riga ya riƙe. Inda kuɗi suka yi yawa haka, jabu ba ya nisa. Yawancin masu saye da sunan kamfani suke farawa, alhali fatar ce ya kamata a fara tuhuma, domin jaka tana iya zama ta asali, da hatiminta da rasit ɗinta, amma fatarta ta riga ta bushe ta mutu, kuma babu badukun da zai iya dawo da ita. Shi ya sa aka jera matakan nan a kan wannan tsari: dabbar tukuna, sannan lafiyar fatar, sannan wanda ya ɗinka, sannan takardu, kuɗi kuma a ƙarshe.

Mataki na farko: shiri

A duba jakar da rana, kusa da taga, domin hasken kwan lantarki yana ɓoye koɗewar launi. A tanadi ƙaramin madubin ƙara girma da tocila, a wanke hannu a bar shi ya bushe ba tare da an shafa mai ba. Idan ta intanet za a saya, a nemi hotunan kusurwoyi huɗu na ƙasan jakar, da mariƙi, da wurin da murfi yake lanƙwasawa, da cikin jakar, da kowane hatimi, duk daga kusa. Mai sayarwar da ya yi ta kame-kame a kan hoton kusurwa, da wuya a ce babu abin da yake ɓoyewa.

Mataki na biyu: gano ainihin dabbar

Abu na farko shi ne a tabbatar cewa ba fatar saniya ba ce aka danna mata zane. Ana yin haka ne da faranti na ƙarfe mai zafi wanda aka zana wa siffar fatar kada, kuma aikin yana iya yin kyau har ya ruɗi ido daga nesa. Sai dai faranti ɗaya ne ake maimaitawa, don haka idan aka bi zanen a hankali za a tarar da wani gungu na ɓamɓaroki ya sake bayyana a wani gefen jakar, daidai da daidai. Zurfin layukan da ke tsakanin ɓamɓarokin ma ɗaya ne ko'ina. A fatar gaske kuwa, ɓamɓarokin tsakiyar ciki manya ne masu kusurwa huɗu, suna tafiya suna ƙanƙancewa suna zama masu zagaye yayin da ake nufar haƙarƙari, kuma layin da ke tsakaninsu ya fi su laushi, shi ne yake ba da kai idan aka ɗan lanƙwasa fatar.

Idan an tabbatar ta gaske ce, sai a bambanta kada da aligeto, kuma a nan ne madubin yake aiki. A kan kowane ɓamɓaroki na fatar kada, kusa da gefensa, akwai wani ɗan ɗigo kamar an soka tsinin allura. Wannan saura ne na wata gaɓar ji da kada yake amfani da ita wajen gane motsin ruwa. Aligeto, wanda ake kiwonsa a kudancin ƙasar Amurka, musamman jihohin Luwiziyana da Filorida, a kewayen bakinsa kawai yake da wannan gaɓa, saboda haka fatar cikinsa ba ta da ɗigon. Abin da yake da shi shi ne tabon cibiya, wani dogon wuri mai ƙananan layuka a cukurkuɗe, wanda masu ɗinki sukan sa shi a gaban jaka da gangan don ya zama shaida. A cikin kadoji ma akwai fifiko. Kadan ruwan gishiri na Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya ɓamɓarokinsa ƙanana ne a jere, shi ne ya fi tsada, sai kadan Nilu mai ɓamɓaroki masu ɗan girma, wanda ake kiwo a ƙasashe irin su Zimbabuwe.

Akwai kuma kaiman, ɗan uwansu na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wanda ya kamata a yi hattara da shi. Fatar gaske ce, amma akwai ƙashi a cikin ɓamɓarokinta, wanda ke sa ta tauri, da 'yan ramuka a samanta, kuma da ta tsufa sai ta dinga tsagewa a duk inda aka lanƙwasa ta. Kuɗinta bai kama ƙafar na kada ba, amma sau da yawa da sunan kada ake tallarta. Idan jaka ta yi ƙarfi kamar kwali a hannu, a sake dubawa.

Fatar jimina ta fi sauƙin ganewa. Ƙurajen da ake gani a jikinta gurbin gashin tsuntsun ne, kowanne ya ɗan taso, ana jin sa da yatsa, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan rami inda aka cire gashin. Ba a jere suke ba, wani wuri sun yi cunkoso, wani wuri sun warwatsu. Tsakiyar bayan jimina ne kaɗai ke da cikakkun ƙuraje, kusan kashi ɗaya bisa uku na fatar ke nan, shi ya sa jakar da ke da su a ko'ina ta fi daraja, domin an ci fatu da yawa kafin a haɗa ta. Mafi yawan fatun daga Afirka ta Kudu suke fitowa, daga yankin garin Oudtshoorn. A ta jabu, ƙurajen ba su da rami, ko kuma tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce.

Ita mesa da hannu ake gane ta. Kowane ɓamɓaroki gefensa ɗaya a sake yake, don haka idan aka shafa ta wajen da suka kwanta za a ji santsi, idan aka juyo kuma a ji suna ɗan kama yatsa. Sau ɗaya ya isa, kuma a hankali, domin yawan shafa ta a baibai yana ɗaga su. Wadda aka buga wa zane santsinta ɗaya ne ta kowace fuska. Guza kuwa ƙaramar dabba ce mai ƙananan ɓamɓaroki, saboda haka ƙananan jakunkuna aka fi yi da ita, kuma idan aka ga babba, lallai a sami wurin da aka haɗa fatu biyu ko fiye.

Mataki na uku: duba lafiyar fatar

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Lokacin jima ana cusa wa fata mai a cikin zarurrukanta, kuma wannan man ne yake ba ta damar lanƙwasawa. Zafi da rana da ajiya ta shekaru a wuri busasshe suna janye shi a hankali, har zarurrukan su fara karyewa. Da zarar sun karye, duk man da aka shafa daga baya zai iya sa saman ya yi sheƙi, amma ba zai haɗa abin da ya tsinke ba.

A ɗauki jakar da hannu biyu, a ɗan danna gefenta da babban yatsa. Fata mai rai takan lotsa ta dawo ba tare da ƙara ba. Wadda ta bushe takan yi ƙas-ƙas, wani lokaci har a ga farin layi ya bayyana a tsakanin ɓamɓaroki. Daga nan sai a haska tocila a karkace, a bi waɗannan layuka da madubi, musamman a wurin da murfi yake naɗewa, domin nan ne ake buɗewa ana rufewa sau dubbai, kuma nan ne tsaga take farawa. Tsaga ƙarama ɗaya a kusurwa ba ta hana saye, sai dai ta rage kuɗi. Tsaga da ta bi layin murfi daga gefe zuwa gefe kuwa, shawara ita ce a haƙura da jakar ko da wane kamfani ne ya yi ta.

Sai kusurwoyin ƙasa, waɗanda suke gogar tebur da kujera. Idan launi ne kawai ya goge, ƙwararre zai iya gyarawa. Idan fatar ta cinye har ana hango abin da aka sa a ciki don tsayar da jakar, gyaran babba ne. A fatar mesa, a lura da ɓamɓarokin da suka miƙe suka nannaɗe, domin alamar bushewa ce, waɗanda suka zube kuma ba sa sake fitowa. A fatar jimina, mariƙi yakan yi duhu saboda maiƙon hannu da gumi, kuma wannan duhun da wuya ya fita gaba ɗaya, ko da yake wasu masu tara jakunkuna ba sa ɗaukarsa aibi.

Fatar kada mai ƙyalli tana da nata rauni. Ana samun ƙyallin ne ta hanyar goge fatar da ƙarfi da wani dutse mai santsi da ake kira agat, kuma ɗigon ruwa ɗaya da ya kwana a kanta yana iya barin tabo dusu-dusu. A juya jakar a cikin haske a nemi irin waɗannan tabubbuka. A kuma kwatanta launin gaban jakar da na ƙarƙashin murfi, inda rana ba ta kaiwa. Bambanci kaɗan abu ne da aka saba gani a tsohuwar jaka. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne rashin bambanci kwata-kwata a jakar da aka ce ta shekara 40, domin yana iya nufin an sake mata rini. Rinin baya yana tona kansa: yakan hau kan zaren ɗinki, ya taru a gefen ƙarfe, ya toshe ɗigon da ke kan ɓamɓarokin kada. Jakar da aka sake wa rini tana iya yin kyau a ido, amma darajarta a wajen masu saye ta faɗi, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa.

A ƙarshe a buɗe ta a sansana. Warin fumfuna da na taba sigari suna shiga cikin fata su zauna. A shafa shafin ciki, domin wasu tsofaffin jakunkuna an yi musu shafi da wani abu mai kama da roba wanda yake narkewa ya yi danƙo idan ya daɗe, kuma maganinsa sai dai a cire a sa sabo.

Mataki na huɗu: tabbatar da wanda ya ɗinka

Kowane kamfani yana da alamominsa, kuma na Hermès ne aka fi sani. Kusa da hatimin sunan kamfanin akwai 'yar alamar da ke nuna dabbar: tsini mai kallon sama na kadan ruwan gishiri ne, ɗigo biyu na kadan Nilu, ɗan murabba'i na aligeto, gajeren layi ɗaya na guzan Nilu, layi biyu kuma na guzan Asiya. Jimina ba ta da alama. Akwai kuma harafin shekara. Daga 1945 zuwa 1970 harafi ne shi kaɗai, daga 1971 zuwa 1996 yana cikin da'ira, daga 1997 zuwa 2014 kuma yana cikin murabba'i, kowane zango yana farawa da harafin A. Chanel ya fara liƙa lambar siriyal a cikin jaka tun tsakiyar shekarun 1980, Louis Vuitton kuma ya fara sa lambar da ke nuna lokacin ɗinki a farkon waɗannan shekaru, kuma dukansu biyu sun koma amfani da 'yar na'urar lantarki da ake ɓoyewa cikin jaka a 2021.

Masu jabu ma sun san duk wannan, saboda haka ganin hatimi kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ake nema shi ne ko alamomin sun gaskata juna. An fara yin Birkin a 1984, shekarar da harafinta shi ne N a cikin da'ira, don haka Birkin mai harafin E a cikin da'ira, wanda ke nufin 1975, ta ƙaryata kanta. Haka jakar da ke da murabba'in aligeto amma madubi ya nuna ɗigo a kan kowane ɓamɓaroki. Hermès ba ya ba da katin shaida na roba, saboda haka idan mai sayarwa ya fito da shi yana alfahari, ya taimaka wa mai saye ne ba da saninsa ba.

Ɗinki ma shaida ne. A Hermès da hannu ake ɗinka manyan sassan jaka, da allura biyu da zare ɗaya da aka shafa wa kakin zuma, kowace allura tana ratsa rami ɗaya daga fuskarta. Sakamakon shi ne ɗinki mai ɗan karkata, mai kyau, amma da 'yan bambance-bambancen da ke nuna hannun mutum. Ƙarafan jaka ta asali suna da nauyi, rubutun da ke kansu a sassaƙe yake tsaf, zif kuma yana tafiya ba tare da cijewa ba. Idan kuɗin jakar masu yawa ne, a biya ƙwararren mai tantancewa wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a karɓi sakamakon a rubuce.

Mataki na biyar: takardu

Cinikin waɗannan fatu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma ƙasashe fiye da 180 suna cikinta. Kada, aligeto, mesa da guza duk suna cikin jerinta, jiminar da ake kiwo a Afirka ta Kudu kuwa ba ta ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tsohuwar takardar CITES da ta zo da jakar a matsayin izini na har abada. Takardar fitarwa ba ta wuce wata shida, kuma ta wannan jigilar ce kaɗai. Amfanin tsohuwar shi ne ta nuna asalin fatar, ta sauƙaƙa neman sabuwa. Saboda haka idan jakar za ta ƙetare iyaka kafin ta iso hannun mai saye, a tambayi mai sayarwa tun kafin a biya ko zai nemi izinin fitarwa, in ba haka ba jami'an kwastan suna da ikon ƙwace ta. Yarjejeniyar ta yi sassauci ga matafiyi mai ɗauke da kayansa na fatar kada har guda huɗu, amma ba kowace ƙasa ce take aiki da wannan sassauci ba, wasu wurare kuma suna da dokar da ta fi tsanani, kamar jihar Kalifoniya da ta haramta sayar da kayan fatar mesa tun 1970. Wasu jakunkuna tsofaffi ƙwarai suna da maɓalli na hauren giwa ko na ƙoƙon kunkurun teku, kuma waɗannan an fi tsananta musu, gara a kauce musu gaba ɗaya.

Mataki na shida: ciniki

A nemi farashin da aka sayar da irin jakar a gidajen gwanjo, ba wanda masu talla suke nema ba, sannan a rage gwargwadon aibin da aka gani. Ƙwado da makulli da maratayi da jakar ƙura (ta ƙyalle, wadda ake adana jakar a ciki) da akwati, duk wanda ya ɓata a cikinsu yana rage kuɗi. Araha ba ta ado, kuma jakar kada da aka karya wa farashi ƙwarai akwai dalili. A rubuta irin fatar da shekarar da gyaran da aka taɓa yi a cikin rasit, tare da sharaɗin mayarwa idan tantancewa ta nuna akasin haka.

Mataki na bakwai: tsabtacewa da ajiya

Idan jakar ta shigo hannu, a share ƙura da busasshen tsumman auduga mai laushi, ana bin yadda ɓamɓarokin suka kwanta. Kada a kusance ta da man girki, man gyaran takalmi, turare, sanitaiza ko tsumman goge jarirai, domin alkohol yana cire rini, mai kuma yana shiga ya yi baƙi. Idan za a shafa wani abu, ya zama man da aka yi musamman don irin wannan fata, a gwada ɗan kaɗan a ƙasan jakar, a jira kwana ɗaya, sannan a shafa siriri. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, kuma fatar kada mai ƙyalli gara a bar wa ƙwararre ita. Idan ruwa ya taɓa ta, a danna tsumma a tsane shi nan take ba tare da gogewa ba, a bar ta ta bushe a inuwa, nesa da wuta da na'urar busar da gashi.

Wajen ajiya, a cika cikinta da farar takarda mai laushi marar asid, daidai yadda za ta tsaya da siffarta ba tare da ta kumbura ba. Jarida ba ta dace ba saboda tawadarta tana zuba. A cire maratayi a naɗe shi daban, idan na sarƙa ne kuma a rufe shi da ƙyalle a sa a ciki, domin sarƙar da ta kwanta a kan fata wata da watanni takan bar shatinta. A sa jakar cikin jakar ƙura ta auduga, a tsayar da ita a kan gindinta, kada a rataye ta da mariƙi, kada kuma a sa ta cikin leda, saboda leda tana tara gumi. Laimar ɗaki tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari ita ce ta fi dacewa, kuma ƙaramar na'urar auna laima ba ta da tsada. Idan ta haura kashi 70 fumfuna yana samun wuri, idan ta yi ƙasa ƙwarai kuma fatar tana bushewa. Duk bayan 'yan watanni a fito da ita ta sha iska na wasu awoyi, a duba layin murfi da kusurwoyi kamar yadda aka duba ranar saye.

Idan ɗinki ya saki ko ɓamɓaroki ya ɗaga, kada a sa gam. Hermès yana karɓar jakunkunansa don gyara, amma yana iya ƙin wadda wani ya riga ya taɓa, saboda haka a fara tuntuɓar kamfanin kafin a kai wa kowa. Idan na waje za a ba, a nemi wanda ya saba da fatar kada da ta mesa, a ga hotunan aikinsa na baya, a kuma ajiye rasit ɗin gyaran tare da sauran takardun jakar, domin mai saye na gaba zai tambaya.